Waiwaye: Shekara Hamsin Ana Neman Lambar da Za Ta Bambance Kansar Kai da Wuya

A watan Maris na 1971 mujallar Science ta Amurka ta buga wata gajeriyar maƙala ta wani likita mai suna Raymond Damadian, wanda ke aiki a wata jami'a a unguwar Brooklyn ta birnin New York. Babu hoton jikin mutum ko ɗaya a cikinta. Nama ya yanko daga jikin ɓeraye, wani lafiyayye, wani mai ƙari, ya zuba a 'yan kwalabe, ya sa su cikin maganaɗisu, ya auna lokaci. Lokacin da ya samu a naman ƙari ya fi na lafiyayyen nama tsawo, ratar kuma ba ƙarama ba ce. Daga nan ya ɗora burin da har yau ba a gama cika shi ba: wata rana likita zai karanta lamba, ya san ko kansa ce ko ba ita ba ce, ba tare da an sa wuƙa ba.

Lokacin me yake aunawa? Jikin ɗan Adam mafi yawansa ruwa ne, ruwa kuma cike yake da ƙwayoyin haidurojin. Idan aka sa su cikin maganaɗisu mai ƙarfi sai su jeru su fuskanci wuri guda. A buge su da igiyar rediyo, su karkace. A ɗauke igiyar, su koma yadda suke, suna sakin wani ɗan amo da na'ura ke iya kamawa. Tsawon lokacin komawarsu shi ake kira T1, tsawon lokacin da amon ke ɗauka kafin ya dushe shi ne T2. Felix Bloch a Stanford da Edward Purcell a Harvard suka gano wannan a 1946, kowa da tasa hanyar, suka raba kyautar Nobel a 1952. Shekara ashirin da biyar mafi yawan aikin yana hannun masana kimiyyar sinadarai kafin Damadian ya leƙo.

Sai hoto ya zo ya sha gaban lissafi. A 1973 Paul Lauterbur ya nuna yadda za a gane daga wane gurbi amon ke fitowa, ya fitar da hoton wasu 'yan bututun ruwa guda biyu, mafarin abin da ake kira hoton MRI. Peter Mansfield a Nottingham ta Ingila ya samo hanyar ɗaukar hoton cikin ƙiftawar ido. Su biyun aka ba Nobel a 2003, aka tsallake Damadian, shi kuwa ya sayi shafuka sukutum a manyan jaridun Amurka yana kokawa. Na'urar da John Mallard da abokan aikinsa suka ƙera a Aberdeen, wadda ta ɗauki majinyaci na farko a watan Agustan 1980, tana fitar da ƙimar T1, domin a lokacin ana ganin lambar ce ribar aikin. Amma da asibitoci suka fara tara sakamako sai murna ta koma ciki. Naman da ya kumbura saboda ƙwayar cuta, da ƙari marar illa, da kansa, duk suna tsawaita T1 da T2. A 1987 Paul Bottomley da abokansa na kamfanin General Electric suka tattara abin da aka wallafa, suka sa wa aikinsu take mai siffar tambaya, ko T1 da T2 na iya bayyana cuta, amsar da alƙaluman suka bayar kuwa ba ta faranta rai ba: lambobin sun cakuɗe da juna. Likitocin hoto suka ajiye lissafi suka koma ga ido. Wannan ya fi tsoka haske, wancan ya fi ta duhu, wannan gefensa a shate yake, wancan ya ci iyaka.

Akwai abin da ya kamata a lura da shi a nan, domin shi ne tushen duk wahalar da ta biyo baya. Na'urar CT, wadda Godfrey Hounsfield ya fara ɗaukar majinyaci da ita a Landan a 1971, tana da ma'auni tsayayye: ruwa sifili ne, iska kuwa 1000 ƙasa da sifili, a kowane asibiti na duniya. Hasken hoton MRI na yau da kullum ba shi da irin wannan ma'auni. A ɗauki mutum ɗaya da safe, a sake ɗaukarsa da yamma a na'ura ɗaya, lambar hasken na iya canzawa alhali jikinsa bai canza ba.

A kai da wuya ne rashin lambar ya fi ciwo. Tsakanin gindin ƙoƙon kai da ƙashin wuya, wurin da bai wuce taƙi ɗaya da 'yan kai ba, an cusa harshe da ganda da maƙogwaro da maƙoshi da kogon bayan hanci da mabuɓɓugan yawu da ɗaruruwan kaluluwa, ga manyan jijiyoyin jini da ke kai wa ƙwaƙwalwa. Kusan mutum 900,000 ne ke kamuwa da kansar wannan yanki kowace shekara a duniya, kimanin kashi 90 cikin 100 kuma irin wadda ke tasowa daga shimfiɗar cikin baki da maƙogwaro ce, wadda likitoci ke kira sikwamas. Sauran kashi goman ne ke rikita lissafi, saboda a hoto duk kumburi ne, magani kuwa hannun riga. Sikwamas tana son tiyata ko gashi, wato ƙona ƙari da hasken na'ura, ko duka biyun. Limfoma, kansar kaluluwa, ba a yanke ta, allurar kemo ake ba ta. Kansar kogon bayan hanci gashi ne babban maganinta. Akwai kuma ƙarin da za a iya ƙyale shi a zuba masa ido. Yanko ɗan nama a duba a madubin likita shi ne alƙali, amma allurar tsotso kan dawo da abin da bai isa yanke hukunci ba, wani ƙarin kuma yana maƙale a inda allura ba ta kai wa sai da kasada.

Lambar da ta dawo da martabar lissafi ba daga T1 ko T2 ta fito ba. Ƙwayoyin ruwa ba sa zama wuri ɗaya, kullum cikin kai-komo suke saboda zafi. Inda ƙwayoyin halitta suka cunkushe, kai-komon na taƙaita; inda suka yi sako-sako ko suka ruɓe, ruwan na sakewa. Tun 1965 Stejskal da Tanner suka tsara yadda za a auna wannan motsi a kwalba. Denis Le Bihan, wani matashin likita Bafaranshe, shi ya shigar da shi cikin hoton ƙwaƙwalwar mutum, ya wallafa a 1986, ya kuma raɗa wa ma'aunin sunan da aka taƙaita zuwa ADC. A 1990 Michael Moseley a San Francisco ya nuna a jikin kyanwa cewa lambar na faɗuwa cikin mintoci bayan jini ya yanke wa wani sashe na ƙwaƙwalwa, tun kafin sauran hotuna su nuna komai. Wannan ya sauya yadda ake gano shanyewar ɓarin jiki a duniya baki ɗaya.

Wuya kuwa sai da ya jira shekara goma. Salon ɗaukar hoto mai sauri na Mansfield, wanda ake auna ADC da shi, ba ya shiri da wurin da iska da ƙashi da nama suka haɗu. Hoton kan miƙe ko ya lanƙwashe. Kai da wuya duk irin wannan mahaɗa ce. Ƙara da cikon haƙori na ƙarfe, da numfashi, da haɗiyar yawu da mai ciwon maƙogwaro ba ya iya riƙewa.

Daga Japan aka fara samun alƙaluman da suka tsaya da ƙafarsu. A 2001 Wang da Takashima na Jami'ar Shinshu suka wallafa a mujallar Radiology sakamakon auna kumburi 97 na kai da wuya. Don sauƙin karatu za a ajiye jelar ma'aunin, a riƙe cewa ruwa tsantsa mai ɗumin jiki yana wajen 3.0. Matsakaicin limfoma ya tsaya a 0.66, sauran kansar a 1.13, ƙari marar illa mai tauri a 1.56, mai ƙunshe da ruwa a 2.05. Suka ce idan aka shata layi a 1.22, aka ɗauki duk abin da ke ƙasa da shi a matsayin mugun ƙari, za a yi daidai sau 86 cikin 100. Jerin ya dace da abin da madubin likita ke nunawa: limfoma ƙananan ƙwayoyi ce masu manyan cibiyoyi, a matse, ba sarari tsakaninsu. Bayan shekara huɗu Maeda da abokansa na Jami'ar Mie suka ware limfoma da sikwamas kaɗai, suka sami 0.65 da 0.96, layinsu a 0.76 ya raba su kusan ba kuskure. A ganina wannan ita ce nasara mafi tsabta a duk tarihin, har gobe kuma likitan da ya ga kaluluwa mai lamba ƙasa-ƙasa haka zai ce a ciro ta ɗungurungum a duba tsarinta, maimakon a tsaya ga tsotson allura.

Mabuɓɓugar yawu ta gaban kunne, wadda hangum ke kumburawa, ita ta fara koya wa masu lissafi tawali'u. Jijiyar da ke motsa fuska ta tsakiyarta ta ratsa, don haka duk tiyata a wurin tana ɗauke da barazanar karkacewar baki. Mafi yawan ƙarin da ke fitowa a nan marasa illa ne, iri biyu ne kuma suka fi yawa. Na farko shi ne gaurayayyen ƙari, mai yauƙi a ciki, lambarsa kan kai wajen 2.0, ana cire shi domin yana ci gaba da girma, idan ya daɗe kuma yakan rikiɗe. Na biyu shi ne ƙarin Warthin, abokin masu shan taba, wanda kan fito har a gefe biyu, ba ya kuma cutarwa, sau da yawa ana iya ƙyale shi. To wannan marar laifin cike yake da ƙwayoyi irin na kaluluwa, lambarsa na sauka ƙasa da 1.0, wani lokaci ma ƙasa da ta kansar gaske. Layin 1.22 zai yanke masa hukuncin kisa.

Mafita ta zo ne daga lamba ta biyu. Tun 1988 aka amince da allurar gadoliniyam, wadda ake sa wa a jijiya don ta haska inda jini ke gudana. Idan aka yi ta ɗaukar hoto kowane 'yan daƙiƙu bayan allurar, za a ga yadda ƙari ke sha da yadda yake saki. A 2003 Yabuuchi da abokansa na Jami'ar Kyushu suka zana wannan a matsayin lanƙwasa. Gaurayayyen ƙari a hankali yake sha, bai kai ƙololuwa ba har a wuce daƙiƙa 120. Warthin da wuri yake sha, da wuri yake saki, fiye da kashi 30 cikin 100. Mugun ƙari da wuri yake sha, amma ya riƙe. Da aka haɗa lanƙwasar da ADC sai kowace ta rufe ɓarakar 'yar'uwarta. Tun daga nan babu mai hankalin da ya ƙara neman lamba ɗaya tilo.

A kudancin Sin da Hong Kong, inda kansar kogon bayan hanci ta yi katutu, an ci karo da irin wannan matsala ta wata fuska. Nau'in da ya fi yawa a can, mai alaƙa da ƙwayar cutar Epstein-Barr, cike yake da ƙwayoyin kaluluwa, saboda haka lambarsa na gangarowa kusa da ta limfoma, wadda ita ma takan fito a wannan lungu. Matsakaitan sun bambanta, amma majinyaci ɗaya ba matsakaici ba ne.

Wurin da aka fi sa rai shi ne bayan an gama gashi. Wuyan da aka gasa na mako shida ko bakwai yakan kumbura, ya yi tauri, ya yi tabo, hoto kuma ba ya rabe tabo da kansar da ta dawo. Yanko nama daga maƙoshin da aka gasa na iya barin gyambon da ba ya warkewa. A Leuven ta Beljiyam, Vandecaveye da abokan aikinsa suka nuna tun 2007 cewa kansar da ta dawo tana da ƙaramar lamba, naman da gashi ya illata kuwa babba. Wasu a Philadelphia da Hong Kong suka gano cewa ƙarin da lambarsa ta hau a mako na farko ko na biyu na magani ya fi yiwuwar narkewa. Duk da haka wata na'ura daban, PET-CT, ce ta cinye wannan fage. A 2016 aka wallafa gwajin da Hisham Mehanna ya jagoranta a Birtaniya kan majinyata 564: rabi aka yi musu tiyatar wuya kamar yadda aka saba, rabi aka ɗauke su da PET-CT mako 12 bayan gashi, sai wanda hoton ya nuna saura aka yanka. Rayuwarsu ta zo daidai, an kuma kauce wa tiyata kusan huɗu cikin biyar. Da irin wannan hujja ake canza aikin asibiti. Masu ADC suna da ɗaruruwan maƙalu, yawanci kan mutum talatin ko hamsin a asibiti guda.

Ana cikin haka ita kanta cutar ta rabu biyu. A 2000 Maura Gillison ta kawo hujjar cewa wani kaso na kansar tansil da tushen harshe ƙwayar HPV ce ke haddasa shi, ba taba ko giya ba. A 2010 Ang da abokansa suka nuna girman bambancin: bayan shekara uku, kashi 82 cikin 100 na masu HPV suna raye, marasa ita kuwa kashi 57. Littafin matakan kansa na Amurka ya ware musu babi daban a bugunsa na takwas. Da aka koma ga na'ura sai aka tarar ƙarin HPV lambarsa ta fi ƙanƙanta, ƙwayoyinsa kuma sun fi kama da juna. Wannan ya jefa shakku kan tsofaffin sakamako. An daɗe ana cewa ƙari mai ƙaramar lamba ya fi jin gashi; wataƙila wani ɓangare na abin da ake gani HPV ce tun farko, ba a san da ita ba.

Babbar matsalar dai ta mudu ce. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwanni biyu ya san cewa sunan mudu ɗaya ne, cikinsa ne ya bambanta, wani an bubbuga gindinsa, wani ana tsiri, wani ana shafewa. Haka ADC take. Ta danganta da kamfanin da ya ƙera na'urar, da ƙarfin maganaɗisunta, da saitin da ma'aikaci ya zaɓa, da kuma hannun likitan da ya zagaye ƙarin, ko ya haɗa da ruɓaɓɓen tsakiyarsa ko ya kauce masa. Shi ya sa kowace maƙala take da nata layin, wanda na Shinshu bai zama lallai ya yi aiki a Leuven ba. A 2007 ƙungiyar likitocin hoto ta Arewacin Amurka ta kafa wani kwamiti mai suna QIBA don daidaita ma'aunai. Dabarar da ta fi burge ni a duk wannan tarihi ta fito ne daga Jami'ar Michigan, wajen Thomas Chenevert: bututun ruwa a cikin tulun ƙanƙara. Muddin akwai ƙanƙara da ruwa tare, sanyin na tsayawa a sifili, ADC ta ruwan kuma 1.1 ce a ko'ina. Na'urar da ta ba da wata lamba daban, ita ke da gyara. Da aka zagaya da tulun sai aka ga na'urori na yin daidai a tsakiyar maganaɗisu, suna kaucewa idan aka matsa gefe.

Wannan batu ya shafe mu kai tsaye. Wani bincike da Godwin Ogbole na Jami'ar Ibadan ya jagoranta, aka wallafa a 2018, ya ƙirga na'urorin MRI 84 a Afirka ta Yamma gaba ɗaya, 58 daga ciki a Nijeriya, mafi yawan na Nijeriyar kuma masu raunin maganaɗisu ne, alhali layukan da ke cikin littattafai a kan na'urori masu ƙarfin tesla 1.5 da 3 aka shata su. Kumburin wuya a nan ma ba irin na Japan ba ne. Tarin fuka na kama kaluluwa, limfomar Burkitt na kama muƙamuƙin yara a yankunan zazzaɓin cizon sauro, mugunya mai kauri kuma tana taƙaita motsin ruwa har ta ba da lamba irin ta mugun ƙari.

Daga 2012 aka shiga yayin da aka raɗa wa suna radiyomik: a bar kwamfuta ta tatso ɗaruruwan siffofi daga hoto guda, ta nemo waɗanda suka dace da nau'in cuta. Maƙalu suka yi ambaliya. Wanda ya auna siffa dubu a jikin mutum sittin ba zai rasa wadda ta dace ba ko da bisa katari ne, yawancin waɗannan sakamako kuwa sukan yi rauni da zarar an gwada su a wani asibiti. Sai a 2020 wata haɗakar masana ta fitar da daidaitattun ma'anoni, domin kafin nan manhajoji biyu kan ba da amsa biyu ga siffa mai suna ɗaya.

T1 da T2 na Damadian ma sun dawo. Abin da ya kore su, ban da cakuɗewa, shi ne jinkiri, domin auna su da kyau kan ci lokacin da majinyaci ba zai jure ba. A 2008 Marcel Warntjes a Linköping ta Suwidin ya fito da hanyar auna su tare cikin 'yan mintoci, a 2013 kuma Dan Ma da Mark Griswold na Cleveland suka wallafa wata dabarar da ke gwada amon kowane ɗigo da wani kundin amo da aka lissafa tun farko. Ana gwada su yanzu a kan ƙarin mabuɓɓugar yawu da kogon bayan hanci da kaluluwa, a matsayin ƙari kan ADC da lanƙwasar gadoliniyam.

Inda lissafin ya sami sabon gida shi ne ɗakin gashi. A 2014 a St. Louis, sannan a 2017 a Utrecht ta Holan, aka fara yi wa majinyata magani da na'urorin da suka haɗa MRI da injin gashi a jiki ɗaya. Mai kansar maƙogwaro kan kwanta sau 30 zuwa 35 kafin ya gama, kowace kwanciya kuma dama ce ta auna ƙarinsa a na'ura guda, da saiti guda, kansa a ɗaure cikin abin rufe fuska guda. Ba a gwada lambarsa da ta wani majinyaci a wata ƙasa, da tasa ta makon jiya ake gwada ta. Cibiyoyin da ke da waɗannan na'urori suna tara irin wannan awo ne don su ga ko za a iya rage wa wanda lambarsa ta hau da wuri yawan gashi, a tsirar masa da yawu da haɗiya, a ƙara wa wanda tasa ta ƙi motsi.